Amsar Wasiƙunku: Wace Kyamara Ɗan Koyo Zai Fara Saye?

A wannan mako wasiƙu biyu za mu ɗauka, dukkansu kuwa daga ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi suka fito, kuma a kan magana guda suke, wato sana'ar hoto.

Wasiƙar farko wani saurayi ne ya aiko mana daga unguwar Rikoto a cikin garin Zuru. Bayan gaisuwa, ya ce shekara biyu ke nan yana tara kuɗin dawar da yake nomawa, yana so ya sayi kyamara irin ta masu sana'a, wadda ake kira DSLR, domin ya riƙa ɗaukar hoto a wuraren aure da suna da kuma bikin Uhola. Ya ce abokansa sun ce masa ya nemi wadda ta fi yawan megafiksel kawai, shi kuwa mahaifinsa cewa ya yi wayar hannu ta riga ta kashe wannan sana'a, gara ya sayi ɗan maraƙi ya ɗaure. Shi ne yake tambaya, maganar wa zai bi, in kuma zai saya, wacce zai saya?

To, ɗan'uwa, mun gode da wannan wasiƙa, Allah kuma ya yi wa nema albarka. Kuɗin da mutum ya tara da fartanya ba kuɗin gwaji ba ne, in ya zube sai an sake jiran wata damina. Don haka za mu bi maganar daki-daki.

Da farko dai, mece ce ita wannan DSLR? Kyamara ce mai madubi a cikinta. Haske yana shigowa ta gilashin gaba, wanda masu sana'a ke kira lens, sai ya faɗa kan wani ɗan madubi da ke kishingiɗe, madubin ya tura shi sama zuwa ɗan ramin da kake sa ido. Ke nan abin da lens ya gani, shi idonka yake gani. Da ka danna, sai madubin ya ɗaga, wani ɗan labule ya buɗe ya rufe, hasken ya sauka a kan faifan da ke kama hoto, wato sensa. Wannan ƙarar "ƙaras" da kake ji, ɗagawar madubin ce da buɗewar labulen. A zamanin da, fim ne ke zaune a inda sensa take yanzu, sai an cika shi a kai wanki. Abu na biyu da ya bambanta ta da ƙananan kyamarori shi ne ana cire lens ɗin a sa wani, gwargwadon aikin da za a yi.

Abin ba wani daɗaɗɗe ba ne. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta aiki da fim. A 1991, wato shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Kodak ya fitar da DSLR ta farko a kasuwa. Megafiksel 1.3 kacal gare ta, kuma ma'ajiyar hotunanta akwati ne daban da ake ratayawa a kafaɗa. A 1999 Nikon ya fitar da D1 mai megafiksel 2.7, 'yan jarida suka yi ta aiki da ita. Sai a 2003 ne Canon ya fitar da 300D a kan ƙasa da dalar Amurka 1,000, daga nan ne masu ƙaramin ƙarfi suka fara samun shiga.

Mun kawo wannan tarihi ne domin mu amsa maganar abokanka. Megafiksel ɗaya yana nufin ɗigo miliyan ɗaya da suka haɗu suka ba da hoto. In za a wanke hoto ya fito tas, ana son ɗigo 300 a kowane inci. To yi lissafi da kanka. Hoto mai inci 5 da 7, irin na album, ɗigo 1,500 ne sau 2,100, wato megafiksel 3 da 'yan kai. Babba mai inci 8 da 12, wanda ake sa wa firam a rataye a falo, bai kai megafiksel 9 ba. Kyamarorin da za mu ambata maka kuwa, mafi ƙanƙanta a cikinsu 18 gare ta, wasu 24. Ka ga ke nan wannan ba abin da za ka ƙara ko kwabo a kansa ba ne. Akwai wayoyi da ake rubuta musu megafiksel 50 ko 100, amma da magariba ta yi sai ka ga hoton ya yi dishi-dishi. Dalili shi ne sensar waya ko farcen yatsa sau da yawa ba ta kai ba, ta DSLR ta ɗan koyo kuwa tana da tsawon milimita 22 zuwa 23 da faɗin kamar 15. Babban faranti ya fi ƙarami tarar ruwan sama, haka babbar sensa ta fi tarar haske.

Yanzu sai maganar Baba. Kada ka raina ta, domin akwai gaskiya a ciki. Hoton "tsaya in ɗauke ka" na bakin kasuwa, waya ta riga ta cinye shi, ba zai dawo ba. Shi kansa Kodak da ya ƙago abin, sai da ya durƙushe a 2012. Amma akwai aikin da har yanzu ake biyan kuɗi a kansa: album ɗin aure da za a ajiye wa jikoki, babban hoton bango, hoton fasfo na makaranta da neman aiki, hoton ɗalibai ranar sallama, taron coci da na Maulidi, Sallah da Kirsimeti. Zuru gari ne mai makarantu, ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a 2020, ga gidajen sojoji da 'yan fansho masu yawan hidima. Saboda haka shawararmu ta farko, kafin ka fitar da ko sisi, ka je wurin wani mai situdiyo a garin ka bi shi wata biyu ko uku kana riƙe masa jaka. A nan za ka ga nawa ake biya, nawa ake ci bashi, wane wata ne aiki ke yawa, wane wata ne ake zaman kashe wando. In ka dawo wa Baba da wannan lissafi a rubuce, maganarku za ta fi daɗi. In lissafin bai fita ba, to ɗan maraƙin ya fi, ba kuwa abin kunya ba ne.

In lissafi ya fita, wane kamfani za ka bi? Manyan biyu su ne Canon da Nikon, kuma gardamar wanne ya fi, gardama ce irin ta 'yan ƙwallo, ba ta ƙarewa. A matakin ɗan koyo, in aka ajiye maka hotunansu biyu ba za ka iya rarrabewa ba. Abin dubawa shi ne, wanne masu hoton Zuru da Kwantagora da Yawuri suka fi riƙewa? Shi za ka saya. Dalili kuwa, lens ɗin Canon ba ya hawa Nikon, batirinsu da cajarsu ma kowa da nasa. Ranar da batirinka ya mutu ana tsakiyar ɗaurin aure a Dabai, wanda ke kusa da kai ne zai cece ka, ba kamfanin da ke Japan ba.

Ga waɗanda muke ganin sun dace da mai farawa. A ɓangaren Nikon akwai D3300 ta 2014, da D3400 ta 2016, da D3500 ta 2018, duk megafiksel 24 ne. Ita D3500, bisa awon kamfani, caji ɗaya yana ɗaukar hoto 1,550, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a inda wutar lantarki sai ta ga dama. A ɓangaren Canon akwai 600D ta 2011 da 700D ta 2013, masu megafiksel 18, da kuma 2000D ta 2018 mai 24, wadda caji ɗaya ke ba da hoto kamar 500. Za ka ji ana yabon 5D, ita babbar yaya ce mai sensa milimita 36 da 24, daidai girman fim na da. Tana da kyau ƙwarai, amma ita da lens ɗinta sun fi tsada da nauyi, kuma ƙananan lens ɗin Canon masu alamar EF-S ba sa hawa kanta. Bar ta sai sana'a ta kawo kuɗinta.

Akwai kuma wata gaskiya da mai kanti ba lallai ya gaya maka ba. Tun 2018 Canon da Nikon suka karkata ga sabuwar kyamara marar madubi. Manyan DSLR na ƙarshe da suka fitar, wato 1D X Mark III ta Canon da D6 ta Nikon, na 2020 ne. Wannan yana da fuska biyu. Ta farko, masu hoto da yawa a Turai da Amurka sun sauya, tsofaffin kayansu suna shigowa kasuwar na-hannu, ka samu mai kyau da sauƙi. Ta biyu, kayan gyara za su riƙa raguwa a hankali. Amma lens mai kyau ba ya zama asara, domin kamfanonin biyu duk sun yi wani zobe da ake ɗaura tsohon lens a kan sabuwar kyamara. Don haka a ganinmu, ga mai kuɗin dawa, DSLR ta hannu mai lafiya ita ce daidai.

To ina batun lens? Nan ne gizo ke saƙa. Yawancin waɗannan kyamarori suna zuwa da lens mai lamba 18-55. Ya isa ka koyi aiki, ya isa hoton jama'a da rana. Rauninsa shi ne cikin ɗaki da bayan faɗuwar rana. Abin da za ka ƙara da zarar ka samu hali shi ne lens mai lamba 50, f/1.8. Wannan lamba ta f tana nuna girman ƙofar da haske ke bi, kuma a juye take, wato ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Na 18-55, in ka jawo shi ƙarshe, ƙofarsa 5.6 ce. Mai 1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma a kan haka. Shi ne ke fitar da fuskar amarya tas, bayanta kuma ya yi laushi, irin hoton da mutane ke cewa kamar na kalanda. Sai dai a ƙaramin ɗaki yana matse wuri, sai ka ja baya har bango bai ɗauke mutum huɗu ba, shi ya sa masu Nikon da yawa suka fi son mai lamba 35. Na hangen nesa kuwa, irin 55-250 na Canon ko 55-200 na Nikon, ranar Uhola za ka san amfaninsa, lokacin da 'yan kokawa ke tsakiyar fili kai kana bayan taro.

Ga tarkuna guda biyu, ka rubuta su. Na ɗaya, waɗannan ƙananan Nikon ba su da injin saita gani a jikinsu, a cikin lens yake. In ka sayi tsohon lens mai harafin D a ƙarshe don ya fi araha, zai hau, amma ba zai saita kansa ba, sai da hannu. Nemi mai alamar AF-S. Na biyu, Canon 4000D da wasu daga cikin 2000D, an yi su babu ɗan ƙarfen tsakiya a mazaunin filasha, don haka filasha mai araha ta wani kamfani tana iya ƙin tashi a kansu. Ka sa a ɗaura filashar a gwada a gabanka.

Wannan ya kawo mu ga yadda ake sayen ta hannu. Ko Kano ka nufa, ko Kaduna, ko Abuja, ko kasuwar Alaba da ta kwamfuta a Ikeja can Ikko, kada ka tafi kai kaɗai, ka ɗauki maigidanka na situdiyo ko wani da ya san kan abin, ko da kai za ka biya masa mota. Kada kuma ka tura wa kowa kuɗi a kan hoton kyamara da ya nuna maka a Facebook ko WhatsApp. Sayen kifi a ruwa ke nan.

In kun isa, abu biyar za ku duba. Na farko, sau nawa aka danna ta. Labulen nan yana da iyakar kwana, a ƙananan kyamarori ana ƙiyasta masa dannawa kamar 100,000. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, Canon kuwa sai an haɗa ta da kwamfuta. Wadda ta yi 15,000 yarinya ce, wadda ta haura 80,000 ta fara tsufa, sai a rage kuɗi sosai ko a bar ta. Na biyu, ka mai da ƙofar haske lamba 22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton da girma. Ɗigo-ɗigon ƙura ana gogewa, amma layi ko tsaga a sensa, ajiye ta ka yi gaba. Na uku, cire lens ka haska fitilar waya ta cikinsa. In ka ga wani abu kamar yanar gizo, fumfuna ce ta kama shi. Na huɗu, ɗauki fuskar mutum sau goma, kusa da nesa, ka duba ko ido yana fita sarai. Na biyar, danna kowane maɓalli, juya kowane dungu, duba batir ko ya kumbura, ka kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar, domin kayan sata ma suna yawo a kasuwa.

Kada ka zuba kuɗinka duka a kan kyamarar. In naira goma gare ka, shida ko bakwai su tafi ga kyamara da lens ɗinta. Sauran na batir na biyu ne, da memori guda biyu daga amintaccen kanti domin jabu sun yi yawa, da filasha, da jaka mai rufi, da kuɗin mota. Ka kuma rage ɗan abin da za ka wanke hotunan aikinka na farko, tunda ba kowa ke ba da kafin alƙalami ba.

Sai kula da ita. A ƙasar Zuru maƙiya biyu gare ta. Da hunturu ƙura ce: kada ka sauya lens a fili iska na kaɗawa, shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakin kyamarar ƙasa. Kada ka hura da baki, kada ka goge da bakin riga, kada kuwa yatsa ya taɓa sensa ko madubi. Da damina danshi ne: kada ka bar ta a rufe cikin jaka mako da mako, ka sa mata 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada kuma a bar ta a but ɗin babur cikin rana.

Wasiƙa ta biyu gajeruwa ce, daga wata malama a Mahuta ta ƙaramar hukumar Fakai. Ta ce tana koyarwa a firamare, tana so ta riƙa ɗaukar hoto da bidiyo a bukukuwan mata, amma ana ce mata ba sana'ar mace ba ce.

Malama, sannu da ƙoƙari. Mu a ganinmu ke ce ma ke da kasuwar da maza ba su da ita. Gidaje nawa ne ba a yarda namiji ya shiga wurin kamu ko lalle ba? Duk abin da muka faɗa wa ɗan'uwanmu na Rikoto ya shafe ki, sai ƙari biyu saboda bidiyo. Nemi mai allon da ke juyawa, da kuma ramin sa makirfo, domin a bidiyo in murya ta lalace aiki ya lalace. Canon 600D da 700D da Nikon D5300 duk suna da waɗannan biyun, ita kuwa D3500 da 2000D ba su da ramin makirfo. Ki kuma sani irin waɗannan kyamarori ba sa wuce minti 30 a ɗauka guda, wasu ma ba sa kaiwa, sai an sake dannawa. Ki samu ƙafa uku ta ɗora kyamara, hannu yana gajiya.

Ku duka biyun, ga karatun farko. Abu uku ke haɗa hoto: girman ƙofar haske, da saurin labule, da lambar ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa. Mutum a tsaye, saurin 1/125 ya isa. Masu rawa ko 'yan kokawa, sai 1/500 ko fiye, in ba haka ba hannu da ƙafa su narke. ISO 100 da rana, 800 zuwa 1,600 a cikin ɗaki. Ku fara da harafin A a Nikon ko Av a Canon, ku zaɓi ƙofa, kyamara ta zaɓi sauri. Kada ku tsai da mutane a tsakar rana ido a runtse, ku kai su inuwar bishiya ko bakin zaure. Kada kuma ku koyi aiki a kan auren mutane, domin ba a sake ɗaura shi don hoto bai fito ba. Ku koya a kan ƙannenku da awakin gida. In kun dawo daga aiki, ku kwafe hotuna wuri biyu kafin ku goge memori.

Akwai kuma ladabin sana'a. A nemi izini kafin a ɗauki matar aure ko dattijo. A wurin Uhola da wuraren gargajiya irin Girmace, a tambayi masu wurin abin da aka yarda a ɗauka da wanda ba a yarda ba. Hoton amarya amana ce, ba a sa shi a intanet sai da yardar masu shi. Barikin soja da shingen jami'an tsaro kuwa, kada ma a ɗaga kyamara a kusa da su, balle a irin halin tsaron da yankin ya sha fama da shi a 'yan shekarun nan. In aiki ya kira ku ƙauye, ku tambayi lafiyar hanya tukuna, ku kuma dawo da sauran rana.

Daga ƙarshe, kada ƙanƙantar kyamara ta karya muku gwiwa. Seydou Keïta na Bamako a ƙasar Mali, da 'yar ƙaramar Kodak Brownie da kawunsa ya ba shi a 1935 ya fara, ya buɗe situdiyo a 1948, yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya. A nan gida Nijeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, shi ma da Brownie ya fara a 1950, ya ɗauki hoton kitson mata iri-iri kusan dubu, abin da kowa ke gani kullum bai ɗauka a bakin komai ba. Ƙasar Zuru cike take da irin wannan: rumbunan Dakarkari, samari a gonar golmo, kasuwa ranar cinta, tsofaffin sojoji da lambobinsu a ƙirji. In ku 'yan gida ba ku ɗauka ba, wa zai ɗauka?

Ɗan'uwanmu na Rikoto, a gai da Baba, a kuma nuna masa wannan amsa. In ka yi watanninka a situdiyo, ka sake rubuto mana abin da ka gani. Jama'a, nan za mu dakata. Mai tambaya ya aiko da wasiƙarsa, ya rubuta sunan garinsu sarai. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.